Mai Shimfiɗa Ƙasa da Fure

Lokacin cinikin mai sayar da fulawar nan fotulaka kaɗan ne a yini. Da sassafe hajarsa ganye ce zalla, 'yan siraran rassa kwance a bakin leda, babu abin da zai sa mai mota ya taka birki. Sai rana ta ɗaga, hantsi ya yi sosai, sannan furannin su buɗe kusan a tare: ja, fari, ruwan hoda, ruwan goro, ruwan ɗorawa, da wani ja mai sirkin shunayya da ake hangowa tun daga tsallaken titi. Kafin la'asar sun rufe, kuma wanda ya rufe ya gama nasa ke nan, na gobe sababbi ne. Ranar da hadari ya lulluɓe sama, da yawansu ko buɗewa ba sa yi. Ga shi kuma yawancin masu saye ma'aikata ne da 'yan kasuwa, ba sa biyowa ta lambun bakin titi sai sun taso da yamma. Shi ya sa za ka ga mai lambu ya zaro waya yana nuna wa mai saye hoton abin da ke ajiye a gabansu, yana cewa, "Ranka ya daɗe, ka dawo ran Asabar da hantsi ka gani da idonka."

A lambunan fulawa da ke jere a gefen manyan tituna a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, ido ya fi zuwa kan manyan kaya, irin su dabinon ado da dashen mangwaro da lemo da gwaiba. Fotulaka tana can ƙasa a sahun gaba, cikin ƙananan ledoji, tana cikin mafi araha a lambun. Sauran ana dasa su ne su miƙe tsaye. Ita kuwa ana dasa ta ne ta kwanta, ta bazu, ta rufe ƙasa. Tsayinta da wuya ya wuce santimita 20, amma reshenta yana tafiya gefe da gefe har ya haɗu da na maƙwabciyarta, ƙasar da ke tsakani ta ɓace. Wanda ya ƙware a kanta da sauran tsirrai masu rarrafe yana da sana'a tasa ta daban a cikin sana'ar gadina. Mai dashen itace rami yake haƙa ya tafi. Wannan kuwa fili ake ba shi, sai ya san rana da inuwar wurin, da inda ruwa ke kwanciya, da abin da ke binne a ƙarƙashi.

Baƙuwa ce a ƙasar Hausa. Asalinta Kudancin Amurka, a ƙasashen Ajantina da Yurugwai da kudancin Brazil, inda take fitowa da kanta a busasshiyar ƙasa mai yashi da tsakuwa. Wani likita ɗan Sikotilan, John Gillies, wanda ya zauna a garin Mendoza na Ajantina, shi ya aika da ita Birtaniya, kuma a 1829 masanin tsirrai William Hooker ya bayyana ta a rubuce da sunan Portulaca grandiflora. Daga lambunan Turai ta bi jiragen ruwa ta watsu a ƙasashe masu zafi, inda ta fi jin daɗi nesa ba kusa ba. A Brazil sunanta "ƙarfe goma sha ɗaya", a Biyetnam "ƙarfe goma", kowa da sa'ar da take buɗe masa.

Sai dai danginta ba baƙi ba ne a wurinmu. Duk wanda ya taɓa noman lambu ya san fasa-ƙaba, wadda wasu ke kira harshen saniya, ciyawar nan mai jan kara da ganye mai kauri da ke kwanciya a tsakanin kunyoyin albasa da tumatir. Gida ɗaya suka fito da fotulaka. Manomi ya san halinta: ka cire ta ka yar a kan kunya, rana ta dake ta kwana da kwanaki, ranar da aka yi ban ruwa ta sake kama ƙasa. Irinta kuma ba ya mutuwa da wuri. A 1879 wani malamin jami'a a jihar Mishigan ta Amurka, William Beal, ya binne kwalabe 20 cike da yashi da irin ciyayi iri-iri don a riƙa tono su lokaci-lokaci ana gwadawa, kuma irin fasa-ƙaba ya tsira bayan shekara 40 a ƙasa. Hausawan Sudan sun san ta a tukunya, domin can ana miyarta, rijla suke ce mata. Taurin ran da ya sa manomi ke tsine wa fasa-ƙaba shi ne jarin mai fotulaka.

Shi ne kuma matsalarsa. Tsiron da kowane tsinkensa ke kamawa, yaya za a yi a ci abinci da shi? Mace ta je barka ko biki, ta ga fulawar a gindin katanga, ta ce, "Hajiya, a ɗan sam mini iri." A tsinko mata reshe uku a ƙulle a bakin mayafi. Bayan wata biyu tsohon baho ya cika a gidanta, ita ma ta fara rabawa. Babu wanda ya biya ko sisi, kuma haka ya kamata, domin ta wannan hanya fulawar ta shiga lungunan da mai lambu bai taɓa takawa ba. Duk da haka mai lambu yana nan, yana ciyar da iyali. Dalili shi ne abin da ake saye a hannunsa ya wuce reshen. Yawa ake saye, lokacin da ake bukatar leda ɗari biyar rana ɗaya don buɗe sabon gidan mai ko makaranta. Launi ake saye, wanda aka tabbatar ba gauraye ba ne. Sannan ana sayen wahalar da ya sha wajen raya uwar shukar a watannin da ta kowa ta mutu.

Aikin yana farawa ne daga ƙasa. Fotulaka ba ta son laka, ba ta son taɓo, ba ta son duk inda ruwa zai kwana. Kowane mai lambu da nasa awon, amma abin da aka fi yi shi ne yashin rafi ya fi yawa, a zuba ƙasar gona, a ɗan barbaɗa ruɓaɓɓen kashin shanu wanda ya shekara ya huce. Ɗanyen kashin kaji ƙone saiwa yake yi. Ana tankaɗe haɗin a fitar da tsakuwa da guntayen leda, sannan yara su zauna a inuwa su yi ta ɗurawa. Baƙar ledar reno kuɗi ce, don haka ledar fiya wata ta zama abokiyar sana'a: a tsinto, a yanke baki, a huda gindi wuri uku ko huɗu. Hudar nan ita ce abin da maigida ke fara dubawa a aikin sabon yaro. Ledar da ba a huda ba, duk abin da aka sa a cikinta ruɓewa zai yi.

Sai yankan reshe. Ana zaɓar mai ƙwari, ba sabon toho mai laushi ba, ba kuma tsoho da ya zubar da ganye ba, a yanka tsawon yatsa, santimita 7 zuwa 10. A zage ganyen ƙasa, a cire furen da ke kai idan akwai, domin reshen da ke ɗauke da fure ƙarfinsa can yake tafiya maimakon saiwa. Masu haƙuri sukan bar yankan a inuwa na wasu awoyi bakin ya bushe kafin a soka. Reshe uku zuwa biyar a leda ɗaya, a danna ƙasa da yatsa, a yayyafa ruwa, a ajiye inda rana ba ta da zafi sosai na kwana biyu ko uku, sannan a fitar da su fili. Cikin mako ɗaya zuwa biyu saiwa ta fito. Kafin wata ya cika ledar ta yi kyan sayarwa.

Abin da ya fi wuyar koyarwa a sana'ar nan shi ne janye hannu. Yaron da ya taso a noman rani ya saba da cewa kyautata wa shuka shi ne a ba ta ruwa da taki. Ka ba shi fotulaka, sai ya shayar da ita safe da yamma, ya watsa mata yuriya, ta yi kore shar, rassa su yi tsawo su yi laushi, fure ya ɗauke, daga baya gindin ya yi baƙi ya narke. Za ka ji maigida yana faɗa: "Kai yaro, wa ya ce ka ba ta ruwa? Sa yatsa ka ji tukuna." Ƙa'idar ke nan. A tura yatsa cikin ƙasa, in da sauran danshi a wuce. Takin zamani kuwa, in ma za a sa, ɗan kaɗan ne a jiƙa a ruwa, nesa-nesa.

Akwai dalili a jikin tsiron. Ganyensa da karansa ma'ajiyar ruwa ne. Bayan haka yana da hanyoyi biyu na sarrafa hasken rana ya zama abinci, abin da ba kasafai ake samu a tsiro ɗaya ba. In da ruwa, yana bin hanyar da gero da dawa da masara da rake ke bi, wadda ke aiki sosai a tsananin zafi. In ƙasa ta bushe, sai ya koma hanyar abarba da sauran tsirran da suka saba da fari: ya toshe 'yan ƙofofin ganyensa da rana don kada ruwa ya fita, ya buɗe su da dare ya shaƙi iskar kabon ya adana, gari ya waye ya yi aiki da ita. A 2022 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun nuna cewa a jikin fasa-ƙaba hanyoyin biyu suna gudana ne a cikin ƙwayoyin ganye guda, kuma masana noma na sa ido a kan wannan da fatan wata rana a samu amfanin gona mai jure fari. Mai lambun bakin titi bai karanta rahoton ba, amma abin da yake hana yaronsa yi da bokiti ya yi daidai da shi.

Saboda haka shekarar mai fotulaka a juye take da ta manomi. Bazara, watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Damagaram, sauran fulawoyi suna langaɓewa, ita lokacin take cika ido. Farkon damina ma lafiya lau. Tashin hankali sai malka ta kankama a watan Agusta, a yi kwana uku ana yayyafi babu rana. Furanni su ƙi buɗewa, ledoji su jiƙe sharkaf, ruɓa ta bi sahu guda ta cinye. A nan ake gane wanda ya iya. Tun kafin lokacin ya ɗaga uwayen shukarsa daga ƙasa ya ɗora a kan bulo ko benci, ya ja wasu ƙarƙashin rumfa inda haske ke shiga amma ruwa ba ya dukansu, ya buɗe tazara tsakanin ledoji don iska ta ratsa. Yana zagayawa kullum yana cire duk wadda gindinta ya fara baƙi kafin ta shafa wa na kusa. Hunturu kuma wata jarrabawar ce: sanyi ya sa girma ya tsaya, ƙura ta dusashe rana, furen ya ƙanƙance, buɗewar ma ta yi latti. Ba a yawan yanka reshe a lokacin, lallaɓawa ake yi har iska ta juya.

Sai batun launi, wanda a ganina shi ne zuciyar amanar sana'ar. Fotulaka in ta rufe, fara da ja kusan kamarsu ɗaya ga wanda bai saba ba. Gwani yana iya ganewa daga karan, domin mai farin fure karanta ya fi haske, mai ja kuma nata yana da duhu, amma tsakanin ruwan hoda da ruwan goro sai an yi alama. Don haka ake ware kowane launi a sahunsa, wani ya ɗaura zare, wani ya soka tsinke mai fenti, kuma ba a yankan launi biyu a zama ɗaya. Wanda aka ba aikin rubuta sunan makaranta da fure a gaban ofishin shugaba, ko shimfiɗa fari zalla a gindin tuta, in ja guda ya ɓullo a tsakiya ya ɓata aikin, kuma ba za a gani ba sai bayan an biya shi ya tafi. Wannan ne ma ya sa masu sana'a ba sa dogara da iri. Ƙudan zuma yana yawo daga fure zuwa fure yana gauraya su, abin da ya tsiro daga iri ba lallai ya ɗauko launin uwarsa ba. Mai ninkin fure kuwa, wadda aka fi so saboda cikarta, sau da yawa ba ta ma yin irin kirki. Reshe shi ne ke maimaita uwa daidai.

Amma irin abin kallo ne. Bayan fure ya bushe, sai ɗan ƙoƙo ya fito a wurin, in ya nuna kansa ya ɓalle kamar murfin tukunya, ƙwayoyi masu ƙyalli su zubo. Ƙanƙantarsu ta kai a samu kusan 10,000 a giram ɗaya. Mai son shuka su sai ya gauraya da busasshen yashi ya barbaɗa a sama, kada ya binne, domin sai sun ga haske suke tsira. Akwai kuma wani abu da masu lambu ke nuna wa yaran da aka zo da su: ka taɓa siraran zarurrukan da ke tsakiyar buɗaɗɗen fure da tsinke, za ka ga sun motsa. Haka suke yi in ƙwaro ya sauka, su shafa masa garin fure ya kai gaba.

Kuɗin sana'ar ba a bakin titi yake ba, yana wurin kwangilar dashe. A nan ma fi yawan aikin ba a ganinsa. Sabon gida a birni, filin da aka bari don fulawa galibi juji ne na magina: guntayen bulo, busasshen siminti, buhuna, ƙusoshi, an rufe da 'yar jar ƙasa. Sai an sa diga da shebur an kwashe, an kawo yashi da ƙasa a baro. In kuwa tsohon fili ne, abokan gaba biyu ne ke jira, ƙiri-ƙiri da aya-aya. Duk wanda ya dasa fotulaka a kan saiwar ƙiri-ƙiri ya yi aikin banza, domin ciyawar za ta ratso ta tsakiya, kuma ba yadda za a cire ta ba tare da an tumɓuke fulawar ba. Mai gaskiya yakan nemi a ba shi mako biyu: ya kafta, ya tsince saiwa da 'ya'yan aya-aya da hannu, ya ba busasshiyar ƙasar ruwa don abin da ya ɓuya ya fito, ya sake tsincewa. Masu gida ba sa son jin wannan, musamman in biki ya matso. Amma makonni biyun nan su ne bambancin shimfiɗar da za ta shekara da wadda za ta koma ciyawa kafin a gama biyan bashin bikin.

Bayan haka a ɗaga wurin ya ɗan fi kewayensa tudu, a bi da manjagara, a ja igiya. Tazarar taƙi ɗaya, wato kimanin santimita 20, tana cin leda 25 a kowane murabba'in mita. In ana gaggawar ya rufe aka matso zuwa santimita 15, sai ya haura 40. Da wannan lissafin ake yin ciniki, kuma da shi ake cutar wanda bai sani ba, ta hanyar faɗa masa adadin matsattsen dashe a yi masa mai faɗi. Da yamma ake dasawa, a tsaga ledar a zare ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a tattara ledojin a fita da su. Cikin wata ɗaya zuwa biyu, in rana ta samu, ƙasa ta rufe.

In rana ta samu. Nan ne gardama ta fi yawa tsakanin mai lambu da mai gida. Hajiya tana son fulawar a gindin darbejiya ko mangwaro, inda ake shimfiɗa tabarma. Fotulaka kuwa tana bukatar rana ta dake ta awa 6 zuwa 8 a yini. A inuwa za ta rayu, amma ta yi ta miƙa wuya, ganye jefi-jefi, fure babu. Ba ta kuma jure taku, ƙafa ɗaya ta isa ta farfasa rassanta. Kaji suna tone ta, awaki suna gwada ta. Saiwarta gajera ce, tana hana iska da yayyafi kwashe ƙasar sama, amma ba ta tare zaizayar da ta riga ta zama kwazazzabo. Mai lambun da ya faɗi waɗannan kafin a biya shi yana iya rasa cinikin ranar. Ni dai shi nake kira mai sana'a.

Domin akwai hanya mai sauƙi, kuma da yawa suna bin ta. Sunanta wedeliya: mai rarrafe ce ita ma, ganyenta kore mai sheƙi mai tsaga uku, furenta ruwan ɗorawa. Tana yi a rana, tana yi a inuwa, tana jure taku, malka ba ta dame ta ba, kowace gaɓa ta taɓa ƙasa sai ta yi saiwa. Duk abin da mai gida ya tambaya, amsarta i ce. Asalinta Meziko da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karebiyan, kuma tana cikin jerin halittu 100 mafi ɓarna wajen mamaye ƙasar da ba tasu ba, wanda ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta fitar. A jihar Kwinsland ta Ostireliya doka ta hana sayar da ita, ko bayar da ita kyauta, ko zubar da ita a daji. Hanyar yaɗuwarta ita ce abin da kowane gadina ke yi ba tare da tunani ba: a yi mata aski, a kwashe a baro, a juye a bakin kwalbati ko rafi. A busasshen wuri kamar Katsina rani yana taka mata birki in ba a ba ta ruwa ba. A Abuja da kudancin Kaduna, ko a kowace fadama da bakin kogi, babu mai tsayar da ita, tana danne ciyawar da dabbobi ke ci. Ban ce kada a dasa ta ko'ina ba. A tsakiyar shataletale da kwalta ta kewaye, tana da amfani. Amma wanda zai sayar da ita ya faɗi halinta, ya hana a kai ta kusa da ruwa, abin da aka aske kuma a shanya shi a kan siminti ya bushe ƙurmus kafin a zubar ko a ƙone.

Ga mai inuwa da isasshen ruwa akwai wata da ta fi ta mutunci, 'yar'uwar gyaɗarmu ce, Arachis pintoi. Wani masanin tsirrai ɗan Brazil, Geraldo Pinto, shi ya tsinto ta a jihar Bahiya a 1954. Ganyenta da ɗan furenta ruwan ɗorawa duk na gyaɗa ne, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi yadda gyaɗa da wake ke yi, dabbobi suna cinta, kuma ana shimfiɗa ta a ƙarƙashin ayaba da kofi da kwakwar manja a ƙasashe da dama. Aibinta biyu: tana jinkirin rufe ƙasa, tana kuma son damina mai tsawo fiye da wadda arewa mai nisa ke samu. Da masu renonmu na yankunan da ruwa ya wadata za su ba ta muhimmanci, da an rage dogaro da wedeliya.

Sana'ar ba ta da makaranta sai lambun kansa. Yaro yana farawa da ɗibar ruwa da ɗura leda, ya kai ga yankan reshe, ya kai ga a aike shi dashe shi kaɗai, wata rana ya samu ɗan gefen titi ya ja nasa sahun. Jarin farawa kaɗan ne, shi ya sa take karɓar wanda ba shi da komai. Abin da ke cin riba ruwa ne, ga wanda ba ya kusa da rafi ko rijiya sai ya saya a wurin 'yan garuwa, kuma a nan fotulaka ta fi sauran kaya sauƙin riƙo. Babbar damuwa ita ce wurin zama. Yawancin lambunan nan a filin da ba nasu ba suke, gefen titi ko ƙarƙashin wayar wuta, ranar da aka tashi faɗaɗa hanya sai a kwashe cikin gaggawa. Mutanen da ke rena abin da ake ƙawata gari da shi sun cancanci a ware musu wuri mai ruwa da takarda. Mata ma suna da rabo a ciki wanda ba a cika lissafawa ba: a cikin gida, a tsofaffin robobi da bahuna da tayoyi, akwai masu rena launuka suna sayar wa maƙwabta ko su tallata a WhatsApp, ba tare da sun fita ko'ina ba.

Abin da ya sa nake ganin girman wannan aiki shi ne yadda muke rufe garuruwanmu. Mai sabon gida yanzu, daga bakin ƙofa har jikin katanga siminti ne ko intalok. Dalilinsa a fili yake: ƙura da rani, caɓi da damina, tsoron maciji da sauro. Amma simintin yana shan zafin rana ya riƙa amayar da shi da dare, lokacin da ake neman iska. Ruwan saman da dā yake nutsewa a tsakar gida yanzu kwararo yake fita, ya haɗu da na maƙwabta, lambatu ya cika ya shiga gidan na gangare, alhali kowa yana haƙa burtsatse yana neman ruwan da ya hana shiga ƙasa. Ba a ce a mayar da tsakar gida lambu ba, wurin shanya ne da girki da wasan yara. Amma gindin katanga, da gefen hanyar mota, da ƙofar gida, da kewayen masallaci da makaranta, duk wuraren da ba a takawa, ana iya barinsu a buɗe a shimfiɗa musu abu mai rai. Sauro a kwantaccen ruwa yake haihuwa, fotulaka kuwa ba ta zama inda ruwa ke kwanciya. Shimfiɗarta kuma ba ta da zurfin da wani abu zai ɓuya a ciki, saɓanin wedeliya in an bar ta ta yi duhu.

Shimfiɗar ba ta dawwama, wannan ma a faɗa wa mai gida. Bayan wasu watanni tsakiyar kowace shuka takan yi sanƙo, rassa su yi tsawo, furen ya koma baki-baki. Sai a bi da almakashi a rage kusan rabi, a soka abin da aka yanke a guraben da suka buɗe, a ɗan barbaɗa sabuwar ƙasa. In farin ƙwaron nan mai maƙalewa a gaɓa ya bayyana, ruwan ganyen darbejiya da ɗan sabulu ya isa, a fesa da yamma bayan furanni sun rufe don kada a cuci ƙudan zuma. Bayan kowace malka akan sake cike wuraren da suka ruɓe. Masu dabara suna haɗa wannan zagayen a cikin ciniki tun farko, su riƙa leƙowa wata-wata, kuma daga nan ne ake samun abokin ciniki na shekaru.

Kafin ya bar gidan, mai lambun da ya san aikinsa yakan nemi wanda tiyo ke hannunsa, maigadi ne ko ɗan aike, domin shi zai raya aikin ko ya kashe shi. Yawanci mutum ne mai son a ga ƙoƙarinsa, in ya gama wanke mota sai ya juya tiyon kan fulawa ya bar shi yana zuba. Sai a kira shi a yi masa bayani a gaban mai gida, don kada gobe a ce ya yi lalaci: "Baba, wannan ba ta son ruwa kullum. Makon farko ka ba ta kaɗan da safe. Bayan nan sai ka sa yatsa ka ji ƙasa ta bushe. Ruwan sabulun mota kuma kada ya gangaro nan. In damina ta sauka, ka naɗe tiyon gaba ɗaya."